Haruffan Gotik Ba Gadon Hitler Ba Ne

Akwai masu zayyana da ke kawar da kai da zarar sun ga haruffan gotik, suna cewa rubutun 'yan Nazi ne. Wannan hukunci na ganin ido ne, kuma tarihi ya ƙaryata shi.

Haruffan nan baƙaƙe ne masu kauri, a tsaye ƙyam, a cunkushe kamar karan darni, kuma inda sauran haruffa ke lanƙwasa su karyewa suke yi. Shi ya sa aka kira shahararren nau'insu Fraktur, daga kalmar Latin mai nufin karyayye. Siffar ta fito ne daga alƙalami mai faɗin baki da marubutan Turai ke kwafar littattafai da shi tun ƙarni na 12. Duk wanda ya taɓa feƙe alƙalamin kara ya san yadda faɗin bakinsa ke haifar da layi mai kauri da siriri. Da irin waɗannan haruffa Gutenberg ya buga Baibul ɗinsa a birnin Mainz wajen 1455, kusan shekaru ɗari biyar kafin Hitler ya hau mulki.

Gaskiya ne 'yan Nazi sun cika allunan farfagandarsu da su bayan 1933. Amma abin da masu zargin ba sa faɗa shi ne, gwamnatin nan ce da kanta ta yi watsi da su. Ranar 3 ga Janairu 1941 Martin Bormann ya fitar da umarni da sunan Hitler, ya kira su haruffan Yahudawa, ya ce a koma ga haruffan Rumawa. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma abin dariya, sunan jam'iyyar da ke saman takardar umarnin da Fraktur aka buga shi. Mulkin da ya mamaye ƙasashen da mutanensu ba su saba karanta Fraktur ba yana bukatar a riƙa fahimtar umarninsa, shi ke nan.

Yau haruffan suna kan goshin jaridar New York Times da Frankfurter Allgemeine Zeitung, suna saman takardun shaidar kammala karatu, suna jikin rigunan mawaƙa. Ba wanda ya karɓi digirinsa ya ga tutar Nazi a ciki. Idan masu zayyana suka guje su don tsoro, sun sallama gadon ƙarni takwas ga 'yan tsirarun masu wariyar launin fata da ke son mallake shi, alhali ubangidansu ya kore shi.

Inda ya kamata a yi faɗa shi ne yadda ake wulaƙanta su. Manyan baƙaƙen gotik ado ne na farkon kalma. A jera su zalla a kan allon shago, sai sunan ya koma ƙaya, mai wucewa ya kasa karantawa. Kalma biyu ko uku a kan take sun isa, sauran bayani kuwa a bar wa haruffa masu sauƙi.