Albashinka Sirri, Adashinta Na Kowa?

Maƙwabciyata awara take soyawa. Da daddare ta jiƙa waken suya, da asuba a kai niƙa, ta tace, ta dafa, ta matse, da la'asar ta zauna gaban kasko hayaƙi na cin idonta. Daga ribar nan take zubin adashi, dubu biyar duk Juma'a, su goma. Ranar da kwasarta ta zo, ko ƙirga kuɗin ba ta gama ba sai ga maigida yana washe baki: "Maman Abba, ɗan ara mini mana, wata ya yi nisa." Yau wata huɗu ke nan. Da ta tuna masa, sai ya haɗe rai: "Au, bashi kike bina? Ai ni da ke ɗaya ne."

Ɗaya ne? To malam, nawa ne albashinka? Shekara goma sha biyu tana gidanka ba ta sani ba. Alat na shigowa kake kifa waya kamar ka ga dodo. Amma ranar kwasar adashinta ka haddace ta tsaf, ka fi uwar adashin sani.

Kada wani ya kawo mini zancen tsadar rayuwa, a ƙasar nake. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 komai ya yi tashin gwauron zabo, dubu 70 ɗin da aka yanke mafi ƙarancin albashi a 2024 kuwa ba ta riƙe gida. Rashi ba abin kunya ba ne. Abin da ke ƙona mini rai shi ne namijin da zai ajiye kuɗin cefane irin na shekara uku da suka wuce ya sa kai ya fice, ya bar mace da cikon manja, gawayi, sabulu da kuɗin Islamiyya, ya dawo yana tambayar me ya sa miya ba nama. Da daddare kuma a majalisa yana bugun ƙirji wai shi ke riƙe da gidansa.

Kuma duk mun san hukuncin, tun muna yara muke jin sa a wa'azi. Ci, sha, sutura da muhalli nauyin miji ne. Sadakinta, gadonta, ribar sana'arta, nata ne. In ta ba ka kyauta, alheri ta yi. In ta ce aro, bashi ne, igiyar aure ba ta goge shi. Wasu mazan dai babin biyayya kaɗai suka tsaya a karatu.

Na san za a ce ai akwai matan da anko da gudummawar biki ke cinye musu komai. Akwai su, ranarsu na zuwa. Amma yaya za ka zargi mace da rashin tattali alhali ba ka taɓa zaunar da ita ka ce ga abin da ke shigowa, ga haya, ga makaranta, ga abin da ya rage ba?

Makon jiya Maman Abba ta ce wa uwar adashi kwasa ta gaba a tura asusun ƙanwarta. Ni na ba ta shawarar.