Kafin Sola Ta Hau Rufin Gidanmu

Daga Wonaka zuwa Gusau, Tsafe da Bunguɗu, farantan sola sai ƙaruwa suke yi a saman gidaje. Sai dai yawancinmu kuɗin batir da inbata muke tambaya, mu manta da rufin da zai ɗauki kayan.

Faranti mai wat 300 yakan kai kilo 20. Guda huɗu kilo 80 ke nan, ga ƙarafan ɗaurewa, ga nauyin wanda zai hau ya kafa. Katakon da ke ƙarƙashin kwano shi ke ɗaukar wannan duka. In gara ta ci shi, ko azarar soro ta ruɓe, rufin na iya ruftawa kan masu barci. Don haka kafinta ya fara dubawa. In rufin ba ƙwari, gara a kafa wa farantan ƙafafun ƙarfe a tsakar gida.

Sai iskar farkon damina mai yaye kwano. Faranti ba a danne shi da bulo. Da noti ake ɗaure shi a jikin katako, a toshe hujin saboda yoyo. Ya fuskanci kudu, a ɗan karkace, don ruwa ya wanke ƙura.

Da rana ta taɓa faranti wuta ta zo, saboda haka haɗa waya aikin ƙwararre ne. Namu shi ne, in Baba ya kawo zancen sola, mu tambaye shi cikin ladabi: an duba rufin?