Gigin Tsufa Ba Maita Ba Ne

Mai gida, idan tsohuwarka ta fara manta sunayen jikokinta, ko ta ci tuwo yanzu ta ce ba a ba ta ba, ko ta fita ta kāsa gane hanyar gida, kada ka yarda a ce mayya ce. Ciwo ne a ƙwaƙwalwa, kuma ba kowane tsoho ke samunsa ba. Yakan shigo sannu-sannu, galibi bayan shekara 65.

Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da shi ba. Wanda ya ce a kawo akuya zai warkar da ita, akuyar yake so.

Kada a kulle ta a ɗaki, balle a ɗaure ta. Kaɗaici ƙara ruɗa ta yake yi. A bar ta a tsakar gida cikin mutane, a ba ta ɓarar gyaɗa ko tsintar wake, gama hannu bai cika manta aikin da ya saba ba. In ta maimaita tambaya sau goma, a amsa mata. Gardama ba ta da amfani. A rufe bakin rijiya, a kula da murhu, a gaya wa maƙwabta, don in sun gan ta a hanya su komo da ita.

Amma tsohon da ya ruɗe farat ɗaya, cikin kwana ɗaya ko biyu, wannan dabam ne. Watakila zazzaɓi ne, ko ciwon fitsari, ko shanyewar ɓarin jiki. A kai shi asibiti ran nan.

Kai kuma, in ka kai shekara 40, riƙa zuwa ana auna jininka. Hawan jini da aka ƙyale yana lalata jijiyoyin ƙwaƙwalwa tun kafin furfura ta cika kai.