Laifin Mishan Ne Ko Namu?

Ya 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, lokaci ya yi da za mu daina yaudarar kanmu. A bainar jama'a muna kushe makarantun mishan, amma da an fara ɗaukar yara sai mu ga manyanmu sun yi layi a ƙofarsu cikin birnin Sakkwato, kuɗin zango a aljihu. Me suke saye? Ƙararrawa kan lokaci, malami a aji, rajista kowace safiya. Shin wannan sihiri ne?

A shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantun mishan: St. Paul ta Zariya ta koma Kufena, St. John ta Kaduna ta koma Rimi. A 1976 aka kawo shirin UPE, a 2015 Jihar Sakkwato ta kafa dokar ta-ɓaci kan ilmi. Karɓa ba wuya, riƙon shi ne aiki. To, ɗan manomin Kebbe da ɗiyar talakan Tambuwal, waɗanda ba su da kuɗin zango, ina za su nufa?

Gobe mu ne sufetoci, mu ne masu sa hannu. In firamaren gwamnati ba ta isa mu kai 'ya'yanmu ba, mu gyara ta, mu bar ganin laifin maƙwabci. Allah Ya ganar da mu.