Ba mu da bakin teku, amma muna da Abzin

A ƙasashen Turai, idan lokacin zafi ya yi, masu zane kan ɗauki allunansu da fenti su tare a ƙananan garuruwan bakin teku, su yi mako ɗaya ko biyu suna zana abin da idonsu ya gani a fili. Garin Etarta na Faransa, inda Claude Monet ya zana duwatsun gaɓar teku a shekarun 1880, har yau yana cin albarkacin wannan aiki. Mai zane yana cin abinci, yana kama ɗaki, yana yin tsaraba, kuma hotonsa yana jawo wasu baƙi. Ribar a kasuwa take sauka.

To mu 'yan kasuwar Arlit da Akokan me ya shafe mu? Tun da COMINAK ya rufe ranar 31 ga Maris 2021, mai tuwo da mai kayan miya da mai kanti kowa ya san yadda ciniki ya ja baya. Garin da aka gina don ƙarfen yuraniyom, wanda SOMAIR ya fara haƙa a 1971, bai kamata ya ci gaba da jiran ƙarshen watan ma'aikata kaɗai ba.

Ba mu da teku, amma muna da duwatsun Abzin. A Dabus, tsakanin Agadas da Arlit, akwai zanen raƙuman dawa a jikin dutse tun shekaru dubbai, babban ya haura mita 5. Mutanen farko ma a fili suka yi zanensu. Kuma mun ga yadda Alphadi ya tara duniya a Tigidit a 1998 don bikin tufafi na FIMA, mun ga yadda bikin Abzin na Iferwan yake motsa ciniki.

Shawararmu ita ce a kafa zaman masu zane na mako guda kowace shekara, ba a bazara ba, a lokacin sanyi, Disamba ko Janairu. Kada mu jira Turawa, domin tun tawayen 2007 da sace ma'aikata a Arlit a 2010 ƙafarsu ta ɗauke. Mu fara da namu: samarin da ke rubuta allunan shaguna da zanen motoci, da dukawa, da maƙera, da mata masu lalle. A gayyato na Agadas da Damagaram da Maradi, su zauna a kasuwa da tasha da bakin dutse su yi aikinsu, ranar ƙarshe a baje kolin a sayar. Wanda ba ya son zanen mai rai, ga duwatsu ga dabino ga adon fata.

Kuɗin ba mai yawa ba ne. Ƙungiyar 'yan kasuwa ta ɗauki fenti da masauki, matan kasuwa su karɓi kwangilar abinci, magajin gari ya ba da fili da tsaro. Kowane mai kanti kuma ya ba da aikin allo ɗaya, ya biya ladan da mutunci, ba jika guda da "Allah ya sa albarka" ba.

Ramin ƙarfe yana ƙarewa, Akokan shaida ce. Duwatsu da hannun 'ya'yanmu suna nan. Mu kai maganar taron ƙungiya tun kafin sanyi ya shigo.