Masu tallar yawon teku, ku faɗa wa mutane gaskiya

Tallar nan ta yawon teku, wadda masu ita ke kira croisière, ta cika guruf-guruf na WhatsApp: jirgin ruwa kamar unguwa guda, rairayi fari tas, an rubuta "Tsibirin Moris", a ƙasa kuma lambar da za ka tura abans. Ba ni cikin masu cewa yawon buɗe ido almubazzaranci ne. Wanda ya yi gumi ya tara halalinsa, in yana son ya ga tekun da Allah bai ba Nijar ba, ya je ya gani. Rigimata da dillalan da ke karɓar kuɗin mutane ce, suna ɓoye abin da ya kamata su fara faɗa.

Jirgin nan ba Moris kaɗai yake tsayawa ba. Masu zagaya wannan yanki na tekun Indiya sukan taso daga Durban ta Afirka ta Kudu ko daga Por-Luwi, babban birnin Moris, kuma da yawansu suna yada zango a La Reyuniyon, kilomita 200 da ɗoriya daga Moris. To La Reyuniyon ƙasar Faransa ce, kuɗinta yuro. Ɗan Nijar sai da biza, kuma bizar Shengen ta yau da kullum ba ta isa ba, tsibirin yana da tasa daban. A ina za ka samo ta? Ofishin jakadancin Faransa na Yamai a rufe yake tun watan Janairun 2024. Sai dai ka fita wata ƙasa ka nema, da kuɗin mota da na masauki, kuma ba tabbas.

Wani zai ce ai sai in zauna cikin jirgi, ba zan sauka ba. Ba haka abin yake ba. Kamfanonin jiragen ruwa suna duba takardun fasinja tun ranar shiga, kuma da yawansu suna neman bizar kowace tasha ko za ka sauka ko ba za ka sauka ba. In babu, a bakin ƙofa za a tsayar da kai, kuɗin biye kuma ba ya dawowa, don a ƙa'idarsu neman biza aikin fasinja ne. In daga Durban jirgin zai tashi, ga bizar Afirka ta Kudu ita ma. Wane dillali ne ya rubuta wannan a ƙarƙashin hoton rairayi? In bai sani ba, bai cancanci sayar da tafiyar ba. In ya sani ya yi shiru, kun san sunan abin.

Sai hanya. Babu jirgin sama da ke tashi daga Yamai kai tsaye zuwa Moris ko Durban, dole ka sauya a Adis Ababa, Istanbul ko wani wuri. Kafin nan, mutumin Damagaram ya riga ya sha kilomita kusan 900 a mota. Ka makara da awa ɗaya, jirgin ruwa ya ɗaga, ba motar tasha ba ce da za a ce direba ya jira Alhaji.

Farashin da ake nuna maka ma sau da yawa na ɗaki da abinci ne kawai. Akwai kuɗin hidima da ake lissafa wa kowane mutum kowace rana, ga lemo, ga intanet, ga kuɗin fita yawo a kowace tasha, duka da yuro ko dalar Amurka. Yuro 100 ya haura jikka 65. Ka lissafa kai da uwargida, kwana bakwai.

Har lokacin tafiyar ba sa bayani. Jiragen sun fi zagaya yankin daga Nuwamba zuwa Afrilu, kuma shi ne daidai lokacin guguwar teku. A Janairun 2024 guguwar Belal ta cika titunan Por-Luwi da ruwa har ta kwashi motoci. In iska ta taso, kyaftin yana da ikon tsallake tashar da ka biya kuɗi dominta. Katin riga-kafin shawara da fasfo mai sauran aƙalla wata shida kuwa, waɗannan kada ma a tsaya tambaya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kuɗin da ake hari. Ba na manyan Alhazai ba ne, su suna da masu yi musu takardu. Kuɗin adashe ne na ma'aikata da ƴan kasuwa mata, da na ango mai son burge amarya.

Saboda haka kafin ka tura ko dala, a ba ka sunan jirgin da na kamfaninsa, ka shiga shafinsu ka ga ko ranar tana nan. A ba ka jerin tashoshi ɗaya bayan ɗaya. A rubuta maka wace biza kake bukata da inda za ka same ta, da abin da za a mayar maka in aka hana ka. Ka je ofishin ajans ɗin da ƙafarka, ka ga takardar izininsu, ka karɓi rasidi mai hatimi. Dillalin da ya ce maka "kar ka damu, mu za mu shirya komai", ka ce ya rubuta hakan ya sa hannu.