Sake Wa 'Yar Tsana Fuska Don Neman Riba: Sana'a Ce Ko Algus?

Na san wani mai karatu zai ga kan wannan rubutu ya ce, ƙasa tana fama da tsadar rayuwa, shi kuma wannan ya zo mana da zancen 'yar tsana. To, a yi mini haƙuri kaɗan. A watan Yunin 2025, a wani gwanjo da aka yi a birnin Beijing, an sayar da wata ƙatuwar 'yar tsana mai suna Labubu a kan yuan miliyan 1.08, wato kusan dalar Amurka dubu 150. Wata guda kafin nan, kamfanin Pop Mart na ƙasar Sin mai sayar da su ya dakatar da cinikinsu a kantunansa na Birtaniya na ɗan lokaci saboda turereniya da faɗan da manyan mutane ke yi a kan layi. Abin da ya kai ga magidanta na doke-doke a kansa ya wuce wasan yara, ya zama haja, kuma duk inda haja take, maganar halal da haram da gaskiyar ciniki na nan.

A gefen wannan kasuwa akwai wasu masu sana'a da nake son mu duba. Aikinsu shi ne su sayi 'yar tsana daga kamfani, su goge fuskar da ta zo da ita, su zana mata wata, su sauya mata gashi da idanu da tufafi, sannan su sayar da ita a kan ninkin abin da suka saya. Inda sana'ar ta fi kafuwa shi ne wajen wata 'yar tsana mai ƙaton kai da ake kira Blythe. Kamfanin Kenner na Amurka ne ya fito da ita a 1972, ba ta yi kasuwa ba, aka daina yin ta bayan shekara ɗaya tak. Sai a 2000 wata mai ɗaukar hoto, Gina Garan, ta wallafa littafin hotunanta, kuma a 2001 kamfanin Takara na Japan ya fara ƙera sababbi. Daga nan masu gyara suka shigo: su buɗe kan, su kankare ƙyallin fuskar, su sassaƙa leɓe da hanci da 'yar wuƙa, su dasa gashin akuya ko na alfaka tufka-tufka. Aiki ne da kan ci makonni.

Masu tara waɗannan kaya sun rabu biyu. Wasu na cewa wannan fasaha ce, wasu kuma na cewa ɓarna ce da cin riba da guminsu wasu.

Ni dai ban ga aibin ribar ba. Telan da ya sayi shadda a Kantin Kwari, ya yanka, ya kai wa mai aikin hannu ya yi mata aska takwas, ya sayar da babbar riga a kan ninki uku, babu wanda zai ce ya zalunci masaƙar da ta yi yadin. Ya sayi kayansa, ya ƙara masa daraja da basirarsa, ya ci guminsa. Dokar Amurka ma ta daɗe da amincewa da tushen wannan magana, domin tun 1908 kotun ƙolinsu ta yanke cewa wanda ya sayar da kwafin littafi ba shi da ikon ƙayyade farashin da mai saye zai sake sayar da shi. Abin da ya rage da rikici shi ne idan mai sayen ya sauya wa kayan kama. A 1988 wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce wanda ya yanko hotuna daga littafi ya manna a kan tayil ya sayar ya keta haƙƙin mai zane. A 1997 wata kotun mai daraja ɗaya da ita, a shari'ar da ta yi kama da wannan, ta ce bai keta ba. Idan alƙalai sun saɓa haka, ba abin mamaki ba ne masu tara 'yan tsana su saɓa. A 2002 kuma kamfanin Mattel mai Barbie ya kasa shawo kan wata kotu a New York ta yanke masa hukunci nan take a kan wata 'yar Birtaniya, Susanne Pitt, wadda ke sauya wa Barbie siffa tana sayarwa, duk da cewa shigar da take yi musu ba irin wadda za a bayyana a wannan shafi ba ce.

Akwai ma inda gyaran ya fi na kamfani hankali. A 2015 wata mata a Tasmaniya ta ƙasar Ostireliya, Sonia Singh, ta riƙa sayen tsofaffin 'yan tsanan Bratz a shagunan gwanjo, tana goge musu jan baki da kwalliyar da ta yi yawa, tana mayar da fuskokinsu irin na ƙananan yara, mahaifiyarta na saƙa musu tufafi. A ƙarshen shekarar nan, a nan gida, Haneefah Adam 'yar Ilorin ta fara ɗinka wa Barbie hijabi da dogayen riguna tana sa hotunan a Instagram da sunan Hijarbie. Sai a Nuwamban 2017 Mattel ya sanar da Barbie ta farko mai hijabi, wadda aka yi da siffar 'yar wasan takobin Amurka Ibtihaj Muhammad. Ban ce dalilin Haneefah ne suka yi ba, amma mai allura da zare ta riga kamfani ganin giɓin da kusan shekara biyu. Wanda zai ce a hana mutane taɓa abin da kamfani ya ƙera, sai ya faɗa mana me zai ce wa waɗannan mata biyu.

To ina gizo ke saƙar? A ganina, yana saƙa ne tun kafin a ɗauki buroshi, a wajen yadda aka samo 'yar tsanar. Kamfanonin nan da gangan suke ƙayyade yawan abin da suke fitarwa. Labubu, wadda mai zane Kasing Lung ɗan asalin Hong Kong ya ƙirƙira a 2015 kuma Pop Mart ya fara sayarwa a 2019, a cikin rufaffen kwali take zuwa, mai saye bai san wacce ya samu ba sai ya buɗe, kuma a wasu jerin akwai wata ta musamman da ba a samunta sai ɗaya cikin 72. Malamanmu na fiƙihu suna da abin faɗa a kan sayen abin da ba a san ko mene ne ba, amma wannan zance ne na wata rana. Abin da ya shafe mu shi ne mutumin da zai kwashe kwali goma ko ashirin ranar da kaya suka fito, wani lokaci da manhajar da ke yi masa oda cikin ƙiftawar ido, ya bar sauran mutane hannu rabbana, sannan ya liƙa wa kowacce 'yan duwatsu masu ƙyalli ko ya ɗaura mata hula, ya ce ai aikin fasaha ne, farashi ya ninka. Wannan mun san shi. Shi ne wanda ke cika jarkoki a gidan mai lokacin ƙarancin fetur ya dawo bakin titi. Bambancinsu kawai shi ne ɗan bumburutu bai taɓa cewa shi mai zane ba ne. A wajen irin wannan mutum, ɓoye kaya ne ke kawo ribar, kwalliyar kuwa mayafi ce.

Ba zan yi ƙarya in ce cutarwar daidai take da ta fetur ba. Ba wanda zai kwana da yunwa don bai samu Labubu ba, kuma mai kuɗin da ya zaɓi ya biya ninki biyar a kan abin wasa, tausayina gare shi kaɗan ne. Sai dai ɗabi'ar ɗaya ce, kuma kamfanin da ya ƙirƙiri ƙarancin da hannunsa ba shi da bakin yin kuka idan 'yan cuwa-cuwa suka taru.

Wuri na biyu ya fi wannan muni, wato algus. Kasuwar Blythe cike take da na jabu, haka ta Labubu, har an laƙaba wa jabunta suna Lafufu. Alamomin da mai saye ke dubawa don gane ta gaskiya, kamar launin fuska da fentin haƙora da gashin da ta zo da shi, su ne ainihin abubuwan da mai gyara ke gogewa. Ke nan da zarar an kankare fuskar, shaidar ta tafi. Mai gyara marar tsoron Allah zai sayi ta jabu da araha, ya yi mata kwalliya, ya sayar a matsayin ta asali da aka gyara, kuma mai saye ba shi da hanyar ganewa sai bayan kuɗinsa sun tafi. Duk wanda aka taɓa ɗinka wa riga da shaddar jabu aka karɓi kuɗin ta gaske, ya san raɗaɗin, domin aikin wuyan na iya yin kyau ƙwarai, amma wanki biyu ya tona asiri. Mai gyara na kirki yakan faɗi asalin 'yar tsanar, ya sa hannunsa a bayan kanta, ya bayyana abin da ya sauya da irin fentin da ya yi amfani da shi. Maganar fentin ma ba ƙarama ba ce, saboda kamfani na gwada kayansa don lafiyar yara, amma babu mai gwada abin da aka fesa a ɗakin wani, kuma irin waɗannan kaya sukan ƙare a hannun ƙaramin yaro komai tsadarsu.

Saura abu ɗaya da na kasa yanke wa hukunci cikin sauƙi, shi ne tsofaffin da ba a sake yin irinsu. Blythe ta Kenner shekara ɗaya aka yi ana ƙera ta, kuma abin da ya rage a duniya raguwa yake yi, ba ƙaruwa ba. Wanda ya mallaki lafiyayya ya sa mata wuƙa, a shari'a kayansa ne, ba mai tuhumarsa. Amma ina ganin kamar wanda ya gaji tsohuwar rigar saƙi ta kakansa ne ya yanka ta ya yi jakunkunan sayar wa 'yan yawon buɗe ido. Da yawa daga cikin masu sana'ar sun fahimci haka, shi ya sa suke neman waɗanda suka riga suka lalace, masu karyayyen wuya ko cinyayyen gashi, su farfaɗo da su, ko kuma su yi aiki a kan sababbin da har yanzu ana ƙerawa. Wadda ta lalace, gyara ya ƙara mata kwana. Lafiyayyar 1972 kuwa, idan aka kankare mata fuska, ba kuɗin da zai dawo da ita, kuma wanda ya kankare ya san da haka tun kafin ya fara.